Shagon da Ke Gyara wa 'Yan Takara Fuska

Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓe mai zuwa, ba a kwana biyu wani bai kira ni ya tambayi inda nake buga fasta ba. Na gaji da maimaita amsa a waya, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Shagon a Kano yake, tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma da su na yi aikin zaɓen 2015 da na 2019 da na 2023. Ba zan kama suna ba, domin abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka, ga shi har gobe muna gaisawa da mai shagon in mun haɗu a masallacin Juma'a.

Ni ɗan kwangilar fasta ne. Ƙungiyar magoya baya ta ba ni kuɗi da hoton gwaninta, in kai a tsara, a buga, in kwashi yarana mu bi dare mu liƙa. Ƙuri'ata tawa ce ni kaɗai, amma bokitin sitacina na duk wanda ya biya ne. Na fara a 2003 ina da shekara 19, ina riƙe wa maigidana bokiti muna liƙa masarar ANPP a wajejen Ƙofar Mata. Tun lokacin nake ware guda ɗaya daga kowace fasta in jefa a wani tsohon akwatin ƙarfe, wanda uwargida ta sha yi mini barazanar za ta kunna murhu da abin da ke ciki.

Shagon ɗaki biyu ne da rumfa. A gaba kwamfutoci uku da benci, a rumfa janareta da injin buga ledar fileks ta manyan alluna. A ɗakin baya kuma akwai tsohon injin Jamus ƙirar Heidelberg, wanda masu sana'a ke kira Kord. Launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, saboda haka kowace takarda sai ta ratsa shi sau huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya, sannan baƙi. In zagaye ɗaya ya goce da abin da bai fi kaurin gashi ba, sai ka ga ɗan takara ya fito da ido huɗu. Mai kula da injin wani dattijo ne Bayerabe haifaffen Sabon Gari, wanda ya koyo aikin a Shomolu ta Legas. Baba muke ce masa. A zaɓe uku ban taɓa karɓar ido huɗu daga hannunsa ba, kuma duk wanda ya san harkar ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Amma ba don injin mutane ke cika bencin nan ba. Don yaron kwamfuta suke zuwa. Har yanzu yaro muke ce masa, alhali ya ajiye iyali da 'ya'ya uku. CorelDraw da Photoshop yake aiki da su kamar kowa, sai dai shi yana da abin da ba a koyarwa a makarantar kwamfuta: ya san fuskar da kowace unguwa ke son gani.

A 2015 na fara gane hakan. Waɗanda suka shaida za su tuna yadda aka sake wa marigayi Buhari kama a wancan yaƙin zaɓe. Mutumin da ya nema a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, wanda mutanen Kudu da yawa ba su san shi da komai ba sai kakin soja da tsare gida irin na 1984, kwatsam sai ga shi cikin baƙar kwat da ɗan maɗaurin wuya irin na masu zuwa liyafa, ga shi cikin kayan Ibo, ga shi cikin na Yarabawa, kuma ko'ina yana murmushi. Jaridu sun ruwaito a lokacin cewa APC ta ɗauko shawarar wani kamfanin Amurka mai suna AKPD, wanda David Axelrod na yaƙin zaɓen Obama ya kafa. Ko wa ya kawo dabarar hotunan, saƙonsu a fili yake: ku daina jin tsoron Janar, ya zama farar hula irinku.

To, sai wani Alhaji ya ba ni hoton kwat ɗin nan ya ce a buga masa 3,000. Muka je tare. Yaron ya kalli hoton ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hoton ba da mu yake magana ba, da Legas yake. Mutanen Kurna ba tsoron Janar suke yi ba, kewarsa suke yi." Ya buɗo wani: doguwar hula, farin gilashi, siririyar fuska, wushirya a waje, ba komai a bayansa sai fari. Ya ce a sa kalma biyu kawai, Mai Gaskiya, sai tsintsiya a ƙasa. Alhaji ya kafe, aka yi raba-daidai. Washegarin daren da muka liƙa na zaga in duba aiki, na iske masu shayi suna tambayar wa ya sa wa Baba Buhari kayan Nasara. Na hular kuwa har ɓamɓarewa aka riƙa yi tun sitaci bai bushe ba, ana kaiwa ɗaki. Asara ce a wajena, amma irin asarar da mai ƙungiya ke jin daɗin labarinta.

A wannan aikin ne wani ɗan koyo, da niyyar gyara, ya toshe wushiryar da Photoshop. Allah ya sa yaron ya gani kafin a yi farantin da injin ke bugawa da shi. Bai yi masa tsawa ba, cewa ya yi, "Ƙanena, abin da mutane suka san mutum da shi ba a taɓa shi. Kurji ake gogewa, ba kama ba." Ban san wani shago a garin nan da ake rarrabe waɗannan biyun ba. Yawancinsu goge fuska suke yi har ta koma ta 'yar tsana.

Wannan sauya riga ba Buhari ya fara ba. A akwatina akwai fastar Jonathan ta 2011, sanye da babbar riga da hula, an raɗa masa suna Mainasara. Babban tallarsa na shekarar shi ne labarin yadda ya je makaranta ba takalmi, kuma a Kudu labarin ya shiga zuciya. A nan kuwa na ji wani tsoho yana cewa, to wa ya je da takalmi? Akwai kuma ta Atiku ta 2007, da tsintsiyar AC a gefensa, wadda in na nuna wa yarana na yanzu sai su ce haɗi ne.

Aikin 2023 shi ne ya fi kowanne gwada shagon, domin manyan 'yan takara huɗu ne, kuma dukkansu sun ratsa hannuna. A ranar zaɓe Atiku yana da shekara 76, Tinubu 70, Kwankwaso 66, Peter Obi 61. A bangon Kano kuwa ba wanda ya haura hamsin.

Na Kwankwaso shi ne mafi sauƙin tsarawa, kuma mafi wuyar bugawa. Sauƙin shi ne mutumin ya gama yi wa kansa talla tun da daɗewa: farar riga da jar hula, shigar da ake dangantawa da Malam Aminu Kano. Ko ka cire fuskar ka bar hular, an san wa ake nufi, kuma duk mabiyin da ya sa ta ya zama allon talla mai tafiya da ƙafa. Wuyar ita ce jan kansa. A injin Baba babu jan da ake zubawa kai tsaye, haɗuwar ruwan hoda da rawaya ce ke ba da shi. Rawaya ta ɗan yi yawa, hula ta koma kalar lemo. Ta ɗan gaza, ta koma kalar jan-bakin amarya. Mutanen Madugu kuwa, wato Kwankwaso, kafin su kalli fuska sai sun kalli hula. Baba kan fitar da gwaji ya fita da shi rana, ya kara da hular wani mai sayar da katin waya da ke bakin layi, sannan ya saki injin. Jan da ya fitar mini ya yi kusan wata guda kafin ya fara kodewa. Kowane ja ƙarshensa kodewa ne, domin rana ta fi saurin cin rawaya da ruwan hoda, ta bar shuɗi. Shi ya sa bayan zaɓe in ka bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa za ka ga duk jam'iyyun sun koma launi ɗaya.

Na Tinubu kuma abin da masu ƙungiya suka fi damuwa da shi shi ne kada ya fito da alamar gajiya. Maganar lafiyarsa ce ta cika gari, har ta kai a farkon Oktoban 2022 aka saki ɗan bidiyonsa yana tuƙa keken motsa jiki. Yaron ya zaɓi hoton da aka ɗauka daga ɗan ƙasa, yana kallon sama kaɗan, ya rage inuwar ƙarƙashin ido, ya bar gilashin da hular nan mai zanen tsinkakkiyar sarƙa yadda suke. Shawarar da ya bayar, wadda kusan kowa ya karɓa, ita ce a daidaita girman Kashim Shettima da na maigidan, kafaɗa da kafaɗa, sannan a rubuta Jagaba da manyan baƙaƙe. Sarautar Jagaban Borgu ce, ta Arewa, kuma ta fi sunan yanka sauƙi a bakin Bahaushe. Mutanen Atiku sun yi akasin haka. Su Waziri suke so shi kaɗai, wasu ma da rawaninsa na Wazirin Adamawa, Ifeanyi Okowa kuwa in an sa shi sai dai a kusurwa, kamar hoton fasfo. Na Obi kaɗan na samu, daga wasu 'yan kasuwar Sabon Gari da wasu ɗalibai, kuma su ne kaɗai suka zo da kuɗin karo-karo suna ta neman ragi kamar masu sayen tumatir. Su ma Datti Baba-Ahmed suka turo gaba. Baƙaƙen kayan da Obi ke sawa sun sha tawada, sai da aka shanya takardun kwana guda don kada su manne.

Abin da na fi yaba wa shagon bai shafi fuska ba. Mai shagon, wanda ya ga zamanin mabuɗin PRP da gida da masarar NPN, ba ya bari fasta ta fita sai alamar jam'iyya ta kai faɗin tafin hannu, da zanen ɗan yatsa a gefenta. Hujjarsa ita ce takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton kowa. Jam'iyyu 18 ne aka jera a 2023, daga alama sai haruffa. Tsohuwar da ta yi wata biyar tana kallon jar hula ba za ta ga hula a rumfar zaɓe ba, kwandon kayan marmari za ta nema. Masu ƙungiya ba sa son wannan, domin gurin da alamar ke ci shi ne inda suke son sa nasu hoton da "Ɗaukar nauyi" a ƙasa. Na sha ganin an yi musu a kai, kuma mai shagon ne ke cin nasara. Da 'yan NNPP suka fito suna ƙorafin cewa kwandonsu ya fito a dushe a takardar ƙuri'a, har daga baya suka sauya alama zuwa littafi da hular kammala karatu, sai na tuna da wannan kafiya tasa.

Yanzu kuma ga inda suka ɓata mini rai.

Na farko Hausa. Abin kunya ne a ce shago a tsakiyar Kano bai iya fitar da ƙ da ɗ da ɓ ba. Yawancin salon rubutun da yaron ke so, masu kauri da kyan gani daga nesa, ba su da haruffa masu lanƙwasa. Ko dai ya bar su haka, "mai kishin ƙasa" ya koma mai kishin kasa, macijiya kenan, ko kuma kwamfuta ta cike gurbin da ɗan akwati. An taɓa buga mini leda mai faɗin ƙofar gareji da "ɗan ƙasa na gari" a jiki, aka fito da akwati biyu a farkon kalmomin. Sun sake bugawa, amma sai da muka raba kuɗin leda, abin da har yau nake ganin ba a yi mini adalci ba. Ga kuma fassara. Duk abin da aka turo daga Abuja da Turanci, kalma da kalma suke juya shi. Taken Tinubu na Turanci, Renewed Hope, ya zama "Sabunta Fata". A baki ba matsala, karin murya na rarrabewa. A bango kuwa fatan alheri da fatar jiki rubutunsu ɗaya, ga fuska an goge ta tas a sama. Wani yarona ya ce, "Oga, wannan siyasa muke liƙawa ko man shafawa?" Na ba yaron kwamfuta shawara a ce "Sabon fata nagari" ko wani abu makamancinsa, ya ce shi hoto ya iya, ba Hausa aka ɗauke shi ya koyar ba. Duk wanda zai kai musu aiki ya tafi da rubutunsa a shirye, kuma kada ya tashi daga bencin sai ya karanta gwajin da idonsa, harafi bayan harafi.

Na biyu alkawari. A farkon Fabrairun 2023 na kai fasta 10,000, aka ce in zo ranar Juma'a 10 ga wata. Kowa ya san halin da aka shiga a makonnin nan: an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin an ce sun daina aiki, sababbin ba a ganinsu, ga layin mai. Na yi musu uzuri da wannan har sau biyu. A zuwa na uku na leƙa ɗakin baya na iske injin yana ta aman aikin wani babban mutum da ya zo bayana da tsabar kuɗi a jaka. Ni ta waya na tura, shi ya zube a tebur, shi ke nan aka ture nawa. Sai Talata 21 ga wata na karɓa, alhali doka ta ce a rufe yaƙin zaɓe da tsakar daren Alhamis 23. Aikin mako biyu muka yi shi a dare biyu, kuma yaran suka ce ba su san zancen tura kuɗi ta waya ba, sai da na sayi naira da naira a wajen mai POS na sallame su.

Ba a nan ta tsaya ba. Mun yi da su a kan takarda mai nauyin giram 115, suka buga a ta 90 ba tare da sun faɗa mini ba. Wanda ba ya liƙi ba zai ga bambanci ba. Mu kuwa a kan fastar wani muke ɗora tamu, domin bangon kirki a Kano ya ƙare tun Disamba. Siririyar takarda in ta sha sitaci sai ta nuna abin da ke ƙarƙashinta. A titin gidan Zoo na haska fitila na ga fuskar ɗan takararmu da gilashin abokin hamayyarsa yana leƙowa ta goshinsa. Da na ƙirga ɗauri uku kuma, kowanne ya gaza 500 da wajen talatin. Na koma na yi magana. Mai shagon ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, takarda ce ta yi wuya, yara kuma suka yi gaggawa." Ya rage mini kuɗi ba tare da ja-in-ja ba, wannan na ba shi. Amma da ban ƙirga ba, da shiru kake ji.

Kuɗinsu ya ɗara na maƙwabtansu, kuma a ganina tsarawar da bugun sun cancanci ƙarin. Ledar fileks ɗinsu ba ta fi ta kowa ba, kada ka biya ƙari a kanta. Sun kuma buɗe wani lungu na haɗa hotuna da gajerun bidiyo don WhatsApp da TikTok, kuma a nan ne ban yarda da su ba ko kaɗan. Na ga sun ɗauki hoton taron da bai cika rabin fili ba sun ninka mutanen da kwamfuta, har mai rawayar riga ɗaya ya fito a wuri huɗu. Goge kurji daban, ƙirƙiro jama'a daban. Na ce kada a sa sunan ƙungiyar da nake wa aiki a irin wannan.

Wani zai tambaya ko duk wannan wahalar na kawo ƙuri'a. A Kano Kwankwaso ya sami 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Ni da na liƙa na san yawan fastocin Waziri da suka bi ta hannuna bai yi kama da wannan adadi ba, sun fi haka nesa. Wanda hotonsa ya yi daidai da abin da mutane suka riga suka ɗauke shi, fasta tunatarwa take yi musu. Wanda kuma aka ɗinka wa sabuwar kama ana saura wata biyar zaɓe, ko Baba ne ya buga ta, kallo kawai take sha. Yaron kwamfuta ya san haka, kuma yakan faɗa wa mai ƙungiya in ya ga zai ji. Yawanci ba sa ji.

Zan koma? Zan koma, amma da sharaɗi: a rubuta nauyin takarda da ranar karɓa a rasit, rabin kuɗi sai na ƙirga, kuma ba zan sake kai aiki ana saura ƙasa da wata guda zaɓe ba. Wanda ke da ƙaramin aiki ya je tun yanzu, kafin masu jaka su iso.

Makon jiya na leƙa da kalandar bikin 'yar yayata. Na iske yaron ya buɗe wani sabon kundi a kwamfuta, ba fuska ko ɗaya a ciki, huluna ne zalla an yanke su an jera: zanna, dara, jar Ibo, ta Yarabawa mai karyewa gefe, malafar Neja Delta, har da rawani mai kunne biyu. Ana cikin haka wani saurayi ya shigo da hoton maigidansa a waya, kai ba hula, ya ce ana so a fara gwada shi a bango a ji abin da gari zai ce. Yaron ya karɓi wayar, ya ƙara girman hoton, ya ɗan jima yana kallo, sannan ya ce, "A wace unguwa za a liƙa?"